Takardar da Na Ɗauka a Kwando

Na zura hannu cikin kwando na zaro takarda ɗaya. Haka muke yi a cocinmu: kowa ya rubuta buƙatarsa ba suna, sakatare ya kwafe don kada a gane rubutu, a cakuɗa. Wadda ka ɗauka ita za ka yi wa addu'a har mako.

Ni tawa buƙatar ba ta da yawa. Shekara ashirin maigidana yana zaune a bencin baya kamar an dasa shi. Na roƙi Ubangiji ya ɗaga shi ya ba da shaida, ko sau ɗaya.

Wadda na ɗauka kuwa ta ce: "Akwai mai tashina da waƙa kullum da asuba. Ya Uba, ka ba ni hutu."

Raina ya ɓaci. Wasu mutane ba su da tausayi! Kullum da yamma ina coci a durƙushe, ina ɗaga murya: "Cikin sunan Yesu, ka rufe wannan baki!" Ranar Alhamis muryata ta dishe gaba ɗaya.

Ranar Lahadi Fasto ya ce, "Akwai mai shaida?"

Sai ga maigidana tsaye! Hawaye suka zubo mini.

"'Yan'uwa," ya ce, "ban san wanda ya ɗauki takardata ba, amma addu'arsa tana ci. Kwana uku ke nan ba waƙar asuba a gidana, ina barci har ƙarfe bakwai."

Coci ya ɗauki Halleluya. Na buɗe baki in ba shi amsa. Ko tari bai fito ba.