Hancin Gwamna Urrutia

Kowace safiya, kafin ta hura wutar wainar masara, Doña Hermelinda takan jingina tsani a jikin mutum-mutumin Gwamna Urrutia da ke tsakiyar dandali, ta hau da tsumma da bokiti. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ba wanda ya sa ta. Takan wanke kashin tantabaru daga kafaɗun tagullar, ta goge karkataccen hancin har ya yi ƙyalli, tana faɗa ƙasa-ƙasa.

"Dube ka. Ko tsuntsu ba ka iya korewa."

Sai sabon magajin gari, Don Evaristo, ya ce za a narkar da gwamnan a gina tashar mota a wurin.

Ranar da motar kaya ta zo, aka tarar da tsohuwar zaune a kan takalmin gwamna. Ta ɗaure ƙugunta a ƙafarsa da igiyar shanya, kaskonta na ƙarfe a cinya.

"Haba Doña, sauko mana," in ji Don Evaristo. "Mutumin nan ya fi shekara ɗari da mutuwa."

"Evaristo, na san ka tun kana jiƙa wando a coci. Taɓa shi ka gani."

Kwana biyu tana nan, dandali ya cika. Malamin tarihi ya hau benci ya ce a yaƙin 'yanci aka karya wannan hanci, kuma ga tsohuwar da ko sunan da ke jikin allon ba ta iya karantawa ta fi masu digiri kishin ƙasa. Mata suka yi ta kuka. Zaɓe kuwa saura wata biyu. Don Evaristo ya kori motar, ya rataya mata lambar yabo, har da sumbatar hannu.

Da jama'a suka watse, ta kwance igiyar ta hau tsani. Ita kaɗai ta san cewa maƙerin da aka ba aikin ƙera mutum-mutumin bai samu hoton gwamna ko ɗaya ba, sai ya ba wani mashayi kwalba biyu ta giya ya tsaya masa, ya kwaikwayi kamanninsa.

"Ka ji, Casimiro? Wai yaƙi," ta ce wa marigayi mijinta, mashayin nan, tana goge hancin da ita ta karya masa da wannan kaskon tun kafin a ƙera mutum-mutumin.