Ya Ƙone Kai, Ya Shayar da Saiwa

Kai da kake cewa ka san aikinka, babu mai koya maka, saurara ka ji.

An yi wani mai lambun mangwaro, shekara talatin yana dashe yana sassabe. Matarsa ba ruwanta da mangwaro. Abinta wani ɗan fure ne ja mai ratsin ɗorawa, wanda ta zo da irinsa daga garinsu tun tana amarya. Kowace damina takan jera shi a gindin katanga, inda rana ke duka daga hantsi har la'asar. Shi gogan bai taɓa tsayawa ya ga yadda take yi ba, sai dai tsokana, wai tana wahala a kan abin da ba a miya da shi. Wata damina, furen na tsakiyar buɗewa, Allah ya yi mata rasuwa. Ba su haihu ba. Duk abin da ta bari mai rai a gidan, furen nan ne.

Da kaka ta yi, furen ya bushe. Shi kuwa a saninsa ran shuka a saiwa yake, a sare busasshe, sabo ya tofo. Sai ya yanke busassun kawunan, ya haɗa da shara ya cinna wuta, sannan ya duƙufa ban ruwa. Rani guda cur yana ɗauko ruwa a kafaɗa daga rijiyar lambu yana zuba wa kututture, har mangwaronsa suka sha ƙishi. Ruwa ya sauka, tafasa ta fito, ciyawa ta fito, fure shiru. Rannan ƙanwar marigayiyar ta zo gaishe shi, ta dubi gindin katanga ta ce, "Yaya, ina kawunan? Ai furen nan shekara ɗaya yake yi ya mutu. Busasshen kan nan shi marigayiya take murzawa ta ƙulle irin a tsumma, ta shuka da damina." Ya aika garinsu neman iri, aka ce tsohuwar da ke da shi ta daɗe da rasuwa, gidan ma ya zama kango. Ya tona saiwar, ta marmashe a hannunsa. Nan ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ran jana'iza. Wallahi har yau in na tuna shi sai tausayi ya kama ni, don da hannunsa ya ƙone abin, kuma so ne ya sa shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.