Ya San Wurin Hawa, Bai Tambayi Na Sauka Ba

Tun da wayar nan ta shigo, Ƙadangare ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Kafinta ne mai rufin kwano, abokan aikinsa suka laƙa masa sunan saboda yadda yake yawo a kan katakon rufi kamar a tsakar ɗakinsa. Yana saman wani gini yayar matarsa ta kira shi daga garinsu, inda matar ta je haihuwa.

"Ta sauka, an samu mace," in ji ta. "Amma jini ya ɓalle mata. Likita ya ce a nemo masu bayarwa. Ka taho yanzu."

Ko jakar ƙusoshin da ke ɗaure a ƙugunsa bai tsaya kwancewa ba. Ya diro ƙasa ya nufi tasha.

A tasha ya tarar saura mutum biyar mota ta cika. Direba na zaune a inuwa yana yankan farce, babu abin da ya dame shi.

"Direba, don Allah mu tafi. Iyalina ce a asibiti."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ka san mota ba ta tashi sai ta cika."

Ya shiga ya zauna, ya fito. Ya leƙa bakin titi ko zai hango fasinja, ya dawo, ya sake fita. Wata dattijuwa da ke kujerar baya ta gaji da ɗage masa ƙafa.

"Ɗana, zauna mana. Kana ta shiga da fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Sauri fa ya haifi nawa."

Bai ko ji ta ba. Zuciyarsa tana can kan gadon asibiti, tsoro ya cika shi.

Wani ɗan dako da ya ji abin da ake ciki ya matso kusa da shi.

"Maigida, in sauri kake, jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya na nan tafe. A kwanar bayan tasha yake sassautawa, ko ni da kaya a kai na sha kama shi. Kuma layin ta bayan asibitin garin da za ka ya ratsa."

Ai kuwa kamar an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Mutumin da ke hawa bene mai hawa huɗu, tsanin tarago ne zai gagare shi? Ya tsallake wayar shinge, ya wuce allon gargaɗi ko kallo bai ishe shi ba. Jirgin ya zo yana jan taragun siminti, ya rage gudu kamar yadda aka faɗa. Ƙadangare ya bi shi da gudu, ya cafki tsani, ya maƙale tsakanin tarago biyu.

Da jirgin ya miƙe hanya, sai labari ya sha bamban. Ƙarfe ya ɗau zafin rana yana ƙona masa tafin hannu. Ƙurar siminti ta cika masa ido. A ƙarƙashin ƙafarsa mahaɗin taragun yana buɗewa yana rufewa da ƙara. Waya ta yi ta ruri a aljihunsa, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, amma bai isa ya saki hannu ko ɗaya ba. Duk kiran da ya shigo sai ya ce a ransa shi ke nan, ta cika.

Bayan kusan awa biyu ya hango tankin ruwan garin, sannan rufin gidaje. Ya gyara tsayuwa yana jiran jirgi ya sassauta. Jirgi ya yi ƙugi, ya ƙara wuta. A nan ne ya gane cewa ya tambayi wurin hawa, bai tambayi wurin sauka ba. Jirgin kaya ba ruwansa da ƙaramar tasha.

Farar katangar asibiti ta zo, ta fara wucewa. Ya sha dirowa daga rufi, amma ƙasar da ya saba dira a kai ba ta gudu. Ya rufe ido ya saki tsani. Igiyar jakar ƙusoshi ta sarƙe da ƙarfe, ta fizgo shi baya zuwa ƙarƙashin tarago.

Sai bayan kwana biyu ya buɗe ido, a cikin asibitin da ya yi ta saurin zuwa. Yayar matarsa na zaune gefen gado, idonta ya kumbura.

"Yaya, ita fa?"

"Tana raye. Ƙanenmu da wani maƙwabci suka ba ta jini tun kana hanya. Shi ne na yi ta kiranka in ce ka taho a hankali."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ledar jini ta biyu da aka ajiye mata, kai aka sa wa. Ita ta ce a ba ka."

Ya yunƙura zai tashi ya je wurinta, sai ya ji jikinsa ya rinjaya gefe guda. Ya yaye bargo. Ƙafar dama daga gwiwa babu, sai farin bandeji.

Da la'asar aka turo matar a keken marasa lafiya, jaririya a cinyarta. Ta dubi bargon, ta dube shi.

"Da ka jira motar, ai da ka same mu."

Jama'a, jirgin kaya ba na mutane ba ne. Ba ya tsayawa don kowa, kuma wanda ya nuna maka wurin hawa ba ya nan lokacin sauka. Komai tsananin sauri, gara ka isa a makare da ka isa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.