Mai Baƙin Gilashi a Motar Kance

Kullum rana na ɗagowa tsohuwar motar nan mai buɗaɗɗen baya take tashi daga tashar Matamaye zuwa Kance, kuma kullum fuskokin nan ne dai. Ga mai fura da ƙwaryarta, ga tsoho mai kai zabi kasuwa, ga wani dogo mai baƙin gilashi da ke zama a kusurwa. Iliyasu ya san tarin kowa da irin gyangyaɗin kowa, amma bai san sunan ko mutum ɗaya ba.

Shi aikinsa awon ruwan sama ne. An kafa masa wani gwangwani a bayan biro, wato ofishin gwamnati, a Kance, aka ba shi kaki da littafi, aka ce ya riƙa rubuta abin da ya sauka. To, a shekarar da ko kaza ba ta jiƙe ba, me zai sauka? Don kada a ce zaman banza yake yi, tun a mota yake leƙen sama ta kan kafaɗun mutane, yana rubuta inda iska ta nufa.

Mutanen kirki ne, wallahi. Yana isowa za a matsa a ba shi inda babu rana, mai fura ta miƙo ludayi ba tare da ya tambaya ba. Hira ce dai ba su da ita. Zai jiyo hayaniyarsu daga nesa, amma kafin ya hau an yi tsit, kuma ya san dalili. Zamanin soja ne, an ce kowace mota da kunnen gwamnati a cikinta. Wa zai zama in ba mai gilashin nan ba, wanda ba ka taɓa sanin inda yake kallo?

Wata Talata hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har mai fura ta fara hamdala. Kafin su wuce kukar da ke rabin hanya iska ta watse shi. Takaici ya sa bakin Iliyasu ya suɓuce.

"Su da suka iya ba da oda, su ba hadarin nan oda mana ya ƙame wuri ɗaya!"

Babu wanda ya yi dariya. Tsoho ya duƙufa kan zabinsa kamar yau ya fara ganinsu. Mai gilashi kaɗai ya yi wani ƙara a maƙogwaro, ya yi maza ya toshe baki.

Iliyasu ya shiga lissafi. An ce wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram bai faɗi rabin wannan ba, yanzu yana can arewa yana fasa dutse. Ga matarsa Habsatu da yara huɗu, ga rumbu wayam. In aka ɗauke shi, wa zai ci da su?

Sai ya shiga gyara ɓarna. Kullum da ya hau sai ya ɗaga murya yana yabon soja: ya yabi takalmansu, ya yabi faretinsu, ya yabi jar dawar taimako, wadda ko jaki sai ya yi dogon tunani kafin ya sa mata baki. Duk motar takan amsa da amin baki ɗaya. Mai gilashi kuwa bai ƙara ɗauke fuska daga kansa ba.

Ran kwana takwas, Iliyasu na sauka mutumin ya diro ya bi bayansa. Iliyasu ya ƙara sauri, shi ma ya ƙara. A gindin gwangwani Iliyasu ya tsaya yana salati, ya ƙanƙame littafinsa a ƙirji, yana tunanin ko za a bar shi ya yi sallama da yara.

Dogon ya iso ya durƙusa a ƙasa. Ya cire gilashi, sai ga idanu jajur da ciwon ido, suna ta ruwa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "duk motar mun san wata uku ke nan kana rubuta mu kana kai wa gwamnati, amma ka dubi Allah ka goge sunana, ran da ka ɗana mana tarkon nan tari na yi, ba dariya ba."