Zakaran da Ke Cikin Kaset

Mika ya zura biro a ramin kaset ɗin yana juyawa a hankali, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Da zaren da ya zazzago ya koma mazauninsa, sai gogan ya miƙe ya hau taka rawa a tsakar ɗaki, har matarsa Roda ta ce ya tuna fa akwai jaririya tana barci.

Ina zai tuna! Gobe suna, sunan mahaifiyarsa Rachael za a sa wa yarinyar, kuma ya riga ya cika baki a duk ƙauyen cewa mai sunan da kanta za ta yi waƙa a wurin taron.

Malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Bici. Tun da ya sayo kwamfuta da farantin sola ya zama likitan tsofaffin muryoyi. Kaset ɗin biki, na wa'azi, har faifan garmaho da gara ta cinye kwalinsa, duk ya zuba su a kwamfuta ya tura wa masu su a waya. Amma nasa kaset ɗin ya ƙi taɓa shi sai da hannunsa ya faɗa, don zaren ya tsufa ainun. In rikoda ta tauna shi, shi ke nan, ya rasa uwa karo na biyu.

Bai san fuskarta ba. Ta rasu kafin ya iya zama, ko hoto ba ta bari ba. Abin da ya tashi da shi kawai wannan siririyar murya, wadda ake kunna masa yana kwance a inuwar rumbu idan manya sun tafi gona:

"Mika, Mika, yi barcinka,
gero na jira a gona,
in na dawo na goya ka."

Sunan nan shi ke kashe masa jiki. Ɗan fari ne shi, ɗan fari kuwa iyaye ba sa kama sunansa. Ga mahaifinsa Baba Baƙo nan, har yau "kai" ne, ko "wannan yaron", alhali yaron ya fara furfura a gemu. Amma ita, don tsabar so, ta take kunyar ta kira shi har sau biyu. Yana ƙarami ya taɓa tambayar Baba yadda aka yi ta rera waƙar. Tsohon ya yi gyaran murya sau biyu kamar yadda ya saba, ya saɓi fartanya ya fice.

Haka Baba yake, ba ya waƙa ko a majami'a, kuma ba ya zama inda ake kunna kaset ɗin. Yanzu ma yana tsakar gida yana jera batura a kan murfin langa don rana ta farfaɗo da su. Tun yana saurayi bai yarda batir ya mutu ba sai ya shanya shi ya tauna gindinsa ya sake gwadawa.

Mika ya haɗa waya daga rikoda zuwa kwamfuta, ya yi addu'a, ya danna. Zare ya juya. Wasu koraye-korayen layuka suka fara tsalle a fuskar kwamfutar, shi ma zuciyarsa tana tsalle tare da su. Gab da ƙarshe rikodar ta yi ƙugi, ta tauna zaren ta tofar. Amma waƙar ta riga ta shige, tsaf da ita.

Ai fa sai murna. Ya rungumi kwamfuta, ya rungumi Roda, ya kusa rungumar akuyar da ta leƙo. Nan da nan ya janyo babbar lasifikar da ya aro don taron gobe ya kafa a ƙofar ɗaki. Matan da ke surfen geron suna suka jingine taɓare suka matso. Baba ya tattara baturansa ya nufi zaure.

Waƙa ta cika gidan. Mata suka yi ta "Allah sarki", sai Roda ta tuntsire da dariya.

"Malam, wannan da ke cara a bayanta zakara ne ko ɗan tsako? Ji mai dakan can ma, ko kura ce ta biyo ta?"

Mika ya kasa kunne. Wallahi gaskiyarta. Shekara da shekaru muryar kaɗai yake saurare, bai taɓa kula da zakaran ba. Ya san cutar kuwa, ya sha gyara irinta: in aka ɗauki murya da batir mai rauni, zare yakan ja ƙafa, ranar da aka saurara da lafiyayyen batir sai komai ya yi sauri ya tsuke.

Daɗi ya sake kama shi. Ashe bai ma taɓa jin ainihin muryarta ba, sai yau!

"Baba, dakata ka ji ta yadda ka san ta," in ji shi.

Baba ya tsaya a bakin zaure, bai juyo ba.

Mika ya riƙa rage gudun kaɗan-kaɗan. Taɓarya ta daina tsere, ta koma daka irin na mutane. Ya ƙara ragewa har zakara ya yi cara ta zakaran ƙwarai. Sannan ya mai da waƙar farko, ya ƙure lasifika, yana washe baki.

Wani ɗan tsiyit-tsiyit da ke farkon kaset ɗin, wanda ya ɗauka ƙarar maɓalli ce, ya fito sarai: gyaran murya ne, sau biyu. Sai murya mai kauri, tana rawa don kunya, ta kira "Mika, Mika", muryar tsohon nan da ke tsaye a bakin zaure, batura na zubewa daga hannunsa.