Tsohon Ɗan Caina na Chikaji

Ina ƙarama na kai wa Baba abinci masana'antarsu a Chikaji, na tarar ana dukan ɓarawo da itace da duwatsu, jini har ƙasa. Sai maigidan Baba, wani tsoho ɗan Caina, ya fito a guje. Na ɗauka faɗan fim zai yi musu. Kawai ya kwanta a kan ɓarawon. Dutse ya fasa masa goshi, kowa ya ja da baya.

Baba ya ce, "Maigida, za su kashe ka fa!"

Ya share jinin, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Uwata Buddha take bi. Ko kiyashi ba ta kashewa."

Ɓarawon ya rayu. Har na girma ban ƙara ganin mai zuciyar tsohon nan ba.