Lallen da Ya Kulle Waya

Da Tanwir ya hango Ruksar ta nufo rumfarsa a kasuwar wayoyi ta birnin Multan, sai ya ture kofin shayi gefe, ya shafa gashin baki, wai ko kyau zai ƙaru.

"Wayar da ka ba ni ta kulle," ta ce, ko sallama babu. "Ta ƙi gane yatsana, lambar kuma na manta."

Ya dubi hannayenta. Lalle ne har gwiwar hannu, ya kama jawur, ya cinye zanen yatsun. Irin wannan ba na 'yar rakiya ba ne, na amarya ne. Ya san ana ɓoye sunan ango a ciki, sai bawan Allah ya shiga laluben nasa da ido, tsakanin furanni da ɗawisu. Can gefen tafi ya tsinci suna: Zuhaib.

"Tanwir, sauri nake. Hoton ɗinkina na ciki, tela na jira."

Shi ya saka mata lambar bara. Ya danna ta a hankali, waya ta buɗe.

"Kai, Allah ya yi maka albarka! Wace lamba ce ma?"

"Ranar da kika ce kin amince da ni."

Ta hura lallen da tuni ya bushe.

"Shi ya sa. To yayana, canja min ita zuwa ranar Juma'ar nan. Wannan kam ba zan manta ba."

Ya tambaye ta kwanan watan. Ta faɗa masa har sau biyu, kada ya yi kuskure.